Sawun Tifa a Hanyar Kuru

Na karanta tarihin dauloli daidai gwargwado, na koyar da labarin ƙasa har gemuna ya yi fari, kuma ga abin da na tsinta a ƙarshe: babu wata shaida a kan zaluncin ɗan'adam da ta kai kwari biyun nan da tayoyin tifa suke bari a kan kwalta. Sarakunan da suka ci ƙasashe sun bar ganuwa da kaburbura, masana suna ta gardama a kansu har yau. Tifa ba ta bar wurin gardama ba. Ta wuce da nauyin da ya fi ƙarfin hanya, ta bar sawunta, kuma duk ƙaramin da ya biyo baya dole ya bi inda ta bi, ko yana so ko ba ya so.

A shekarun da nake magana ina zaune a Daɗin Kowa, ina koyarwa a wata makarantar sakandare da ke gefen Kuru. Kullum in tafi da safe in dawo bayan azahar, a wata tsohuwar ƙaramar mota wadda cikinta ya kusa shafar ƙasa. Tafiya ba ta da matsala, domin hannun da ke zuwa Kuru sumul yake. Tifofin da ke bin sa da safe babu komai a cikinsu, suna ta ƙara kamar gwangwanin da aka shura, za su wurin fasa dutse. Dawowa ce abin faɗi. Ta hannun da ke komawa Jos suke biyowa cike da tsakuwa, an tula musu har ta yi tozo sama da bakin bodi. Hannun nan layi biyu ne, kuma a layin dama, na gefen daji, tayoyinsu sun matse kwalta har ta yi kwari biyu dogaye, da tudu a tsakani kamar kunyar dankali. Direbobin hanyar suna ce wa wurin layin dogo. Sunan ya dace, domin in ka shiga ciki, sitiyari ya zama ado a hannunka.

Da safe in tsaya gaban allo in gaya wa ɗalibai cewa kogi yana cin dubban shekaru kafin ya sassaƙa kwari a jikin dutse, su rubuta. Da rana in ga abin da tifa ta sassaƙa a damina biyu. Ban taɓa sa wannan a jarrabawa ba, kuma ina ganin na cuci yaran.

Ina da yaya mace, ita nake bi. Tela ce a Kabong. Kakanmu ya shigo Jos ne zamanin haƙar kuza, mahaifinmu ya gaje shi a ramin, ya rasu ina aji uku na firamare, ya bar mana ɗaki biyu da tari. Keken ɗinkin Yaya ne ya kai ni har kwalejin horon malamai. Duk wandon da na sa na shiga aji, daga na ɗalibi har na malami, hannunta ne ya yanka shi. Duniya tana ce mini Malam, ita kuwa auta take ce mini, ko a gaban shugaban makaranta.

A farkon wani zangon karatu, cikin ruwan Satumba, makarantarmu ta ba ta ɗinkin kayan sababbin ɗalibai. Na ɗauke ta da safe ta je ta auna su, muka kamo hanyar gida bayan azahar. Kafin mu yi nisa hadari ya haɗu, ruwa ya sauko irin na Jos, wanda ba ya sallama.

A hanyar akwai wata 'yar gangara, sai shimfiɗa, sai doguwar hawa. Tifa mai kaya ba ta iya cin hawan sai ta ɗauko gudu tun daga gangarar. In an yi ruwa kuma, kwarin nan biyu cika suke yi su zama magudana, don haka direbobin tifa sai su bar layin dama su dawo na hagu, wanda ƙananan motoci ke bi. Su ma ba sa son abin da suka haƙa.

Ina layin hagu, ina tafiya a hankali, ina leƙen hanya ta gilashin da ruwa ke wankewa, sai na ji hon a bayana, irin wanda ake ji a haƙarƙari kafin ya iso kunne. Na dubi madubi, babu komai a cikinsa sai gaban tifa.

Yaya ta ce, "Auta, ba shi hanya. Wannan ba shi da niyyar tsayawa."

Na ce, "Yaya, in ba shi hanya in shiga ina? Ruwa ne a can."

Hon ya sake tashi, wannan karon bai sauka ba. Na karya kan mota zuwa dama.

Abin da ya biyo baya na sha bayyana shi a zuciyata da kalmomin aji: taya ta hau ruwa ta rabu da kwalta. A lokacin dai abin da na ji shi ne sitiyari ya yi sakayau kamar faranti. Tayoyin gaba suka faɗa kwari, cikin motar ya daki tudun tsakiya, bayanta ya juyo, muka tafi a karkace muka haɗu da kwalbati ta ɓangaren da Yaya take. Tifar ta watsa mana ruwa ta wuce. Ta fasasshen gilashi na bi ta da kallo tana kama hawa, koriya ce, an rubuta a bayanta da jan fenti: Sai Haƙuri. Fitilar birkinta ko sau ɗaya ba ta kama ba.

Ni ƙujewa kawai na yi a goshi. Yaya kuwa wuyan hannunta na dama ya karye a wuri biyu. Matan da ke sayar da dankali da kabeji a bakin hawan su suka fito da mu, ɗaya ta yage gyalenta ta ɗaure hannun. Aka sa filasta a asibiti, daga baya aka kai wa mai ɗori, hannun ya warke a karkace. Yana ɗaukar cokali, yana riƙe carbi. Almakashi ne ba ya iya matsawa. Wanda bai san ɗinki ba zai ce ai ƙafa ce ke taka keke. Tela kuwa ya san cewa sana'ar a yanka take, sauran bin layi ne.

Matan dankalin sun san tifar, sun san garejin da take kwana, don haka kafin mako ya zagayo labari ya isa can. Dattawa uku daga garejin suka zo gidan Yaya a Kabong, cikin manyan riguna, da goro a ganye da lemo a leda. Na tarbe su, na shimfiɗa musu tabarma, na dubi bayansu ko akwai na huɗu. Babu.

Babbansu ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce, "Hajiya, abin da ya faru ya riga ya faru. Mun zo ne a madadin yaronmu. A yi haƙuri."

Na ce, "Ina shi yaron naku, Alhaji?"

"Yana kan hanya, Malam. Ka san aikin namu, mota ba ta zama."

"Na ga alama. Ranar ma ba ta zauna ba."

Ya yi murmushi irin na wanda ya saba zuwa irin wannan zama, ya ce, "Gaskiyar magana, Malam, hanyar ce ta lalace."

Na ce, "Haka ne. Aljanu ne ke zuwa su tattake ta."

Yaya ta harare ni daga kan gado. Ta ce da su, "Na yafe. Allah ya kiyaye gaba." Suka shafa fatiha, suka bar goron, suka tafi da abin da suka zo nema.

Haka ake yi, kuma ban raina al'adar ba. Ta hana gidaje da yawa zama abokan gaba, a garin da ya san abin da gaba take jawowa. Amma na lura da wani abu a cikinta: wanda aka karya shi ake ɗora wa aikin, shi zai yafe, shi zai gode, shi zai raka baƙi bakin ƙofa. Wanda ya yi ɓarnar yana can yana sa wa mota giya. Yaya ta yafe nata, hakkinta ne. Ni ba a tambaye ni ba, ban kuma bayar ba.

Ba ɗauri nake nema masa ba, ba kora daga aiki ba. Abu ɗaya nake so: ya sauko daga kan kujerar nan mai tsawo, ya taka ƙasar da muke takawa, ya ce da bakinsa a gaishe ta da jiki. Shi ke nan.

Na bi hanyar masu ilimi tukuna. Na je wurin da rular allo, na tsoma ta cikin kwarin, ta nutse fiye da yadda na zata, na rubuta wasiƙa da Turancin da na fi ji da shi zuwa ofishin da abin ya shafa. Na tabbata wasiƙar tana nan lafiya a inda aka ajiye ta. Daga nan na je garejin da kaina wata Asabar. Na tarar da koriyar tifar a tsaye, shi yana sama a mazauninsa, ƙofa a rufe, gwiwar hannu a taga, yana cin gyaɗa yana zubo ɓawon ƙasa. Na yi sallama, na faɗa masa ko ni wane ne. Ya leƙo ni kamar mai leƙen rijiya.

Ya ce, "Malam, ai an je an ba da haƙuri."

Na ce, "An je. Kai ne ba ka je ba."

"To ai ni na tura su." Ya kakkaɓe hannu, ya tada mota. Na ja baya don kada ya take mini ƙafa.

Na koma gida da ɓawon gyaɗa a kan takalmina. Tun daga ranar na daina rubuta wasiƙa.

Motata ta yi watanni a wurin bakanike, wani mutumin ƙauyukan bayan Bukuru wanda ya yi shekaru yana gyaran manyan motoci kafin bayansa ya gaji ya koma kan ƙanana. Ina zuwa in zauna a kan benci in kalle shi yana buga ƙarfe. Wata rana, ba tare da na gaya masa dalili ba, na tambaye shi me tifa take tsoro.

Ya yi dariya, ya ce, "Oga Malam, tifa ba ya tsoron soja, ba ya tsoron ɗan sanda. Tudu yake tsoro. In ya cika kaya, yana hawa, ka sa shi ya rage gudu, ya gama. Zai sauke giya, ya sauke, ya sauke, har giya ya ƙare. In ya tsaya, tashi kuma sai Allah. Zai ƙone kuloci yana neman tashi."

Na ce, "To ba sai ya kauce ya wuce abin da ya tare shi ba?"

"A ina? A wannan hawan? Oga, yana cikin layin dogo fa. Ramin ya riƙe taya. In yana da gudu zai iya haura bakin ya fita. In ba gudu, ga kaya a kai, ya juya sitiyari, ko dai motar ya mutu ko ya kwanta a gefe. Su da kansu sun sani. Shi ya sa suke hauka tun daga gangara."

Na ji wani abu yana zama daram a ƙirjina, irin abin da nake ji in na gano amsar lissafin da ya hana ni sukuni. Ramin da ya haƙa yana riƙe shi kamar yadda ya riƙe ni. Bambancin kawai, ni a ruwa yake kama ni, shi a hawa.

Bakaniken ya dube ni ya ce, "Oga, me ya sa kana tambaya?"

Na ce, "Labarin ƙasa nake koyarwa. Komai na ƙasa ina so in sani."

Da motar ta fito, damina ta wuce, sai na shiga koyon abin da direbobin tasi na hanyar suka daɗe da iyawa. In ƙaramar mota za ta bi layin dogo da rani, ba ta shiga kwarin. Tayar hagu a kan tudun tsakiya, ta dama a kan gefen kwalta, kana tafe a ɗan karkace kamar mai ɗingishi. Kullum in na taso daga makaranta sai in yi hawan a haka, a hankali, har hannuna ya san wurin ba sai na duba ba. Na kuma koyi lokutan koriyar tifar. Sawu uku take yi a rana, na biyun yana wucewa ta mahaɗar makarantarmu jim kaɗan bayan an tashi. Ban taɓa shirya darasi da kulawar da na shirya wannan ba.

Ba zan yi wa kaina ƙarya a rubuce ba. Na san tifar da ta tsaya a hawa tana iya gangarowa da baya, na kuma san abin da ke bayanta ba ya tashi. Don haka na sa wa kaina sharaɗi: sai bayanta babu kowa, iyakar ganin ido. Sau biyu ina shiga gabanta ina fasawa. Na farko wata bas ce cike da mutane ta biyo ta. Na biyu wani mai babur ne ɗauke da mace da buhun masara, ya lafe a bayanta yana fakewa daga iska. Duk sau biyun na taka mota na wuce, na isa gida ban iya cin abinci ba. Wannan sharaɗin shi ne iyakar hankalin da ke cikin abin da na yi, kuma ba na ba kowa shawarar ya gwada sauran.

Karo na uku ya faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da ko Jos takan manta cewa garin sanyi ce. Kwalta tana walƙiya, tana kama takalmi. Na tsaya a mahaɗa har na hango ta, na bar ta ta wuce, na bi ta. A gangara ta ɗauki gudunta, na ɗauki nawa. A gindin hawan ta koma layin dama kamar yadda suke yi in gudu ya fara mutuwa, tayoyinta suka zauna cikin kwari. Na dubi baya. Hanya fayau, babu ko akuya. Na wuce ta ta hagu, na ba da tazara, na dawo gabanta na hau tudun tsakiya. Sannan na ɗaga ƙafata daga totur.

Hon ya tashi. Shi ne dai, wanda na sani. Amma a hawa, da rana tsaka, sai na ji shi kamar kukan saniyar da aka ɗaure. Na ji direban ya sauke giya. Na ƙara ragewa. Ya sake saukewa, injin yana gurnani, baƙin hayaƙi yana tashi. A madubi na ga kan tifar ya yi yunƙurin hagu, tayar ta daki bakin kwarin ta koma ciki, bodin ya yi rangaji, tsakuwa ta zubo. Bai sake gwadawa ba. Muka ci gaba a haka, ni da shi, da saurin mai rakiyar gawa, har muka kai daidai rumfunan masu dankali. A nan na ji injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Sai ta fara komawa baya. Taku ɗaya, taku biyu. Birkin iska ya yi tsaki mai ƙarfi, ta tsaya, ta sake zamewa kaɗan. Matan nan suka yi kururuwa da yarensu, suka bar kayansu suka sheƙo da duwatsu, wani manomi ya taya su, suka cusa waigi a bayan tayoyi. Ta tsaya cak. A 'yan daƙiƙun nan na ambaci Allah fiye da yadda na yi a watan gaba ɗaya.

Ya tada injin, ya nemi tashi. Tifar ta yi kuka, ta girgiza, ba ta motsa ba. Ya sake, ya sake. Wari ya tashi kamar an ƙona gashi da roba tare. Bakanikena bai yi ƙarya ba.

Na gyara tsayuwar motata a gefe, na fito, na jingina da ita. Ƙofar tifar ta buɗe. Ƙafa ɗaya ta fito tana laluben matakala, sai ta biyu. Ya sauko.

Ashe gajere ne. Wata bakwai ina ɗauke da ƙato a zuciyata, sai ga wani ɗan mutum da silifas, da furfura a gefen kunne, kansa bai wuce kafaɗata ba. Ya nufo ni yana haki.

"Kai wane irin mahaukaci ne? Ka san abin da ke bayana?"

Na ce, "Tsakuwa. Na san nauyinta, na auna sawunta da rula."

"Za ka kashe mutane!"

"Na duba kafin in shiga. Kai ka duba ranar?"

Ya tsaya, ya ƙura mini ido, ya dubi motar, ya dubi sabon fentin da ke ƙofar dama. Ya ce, "Kai ne malamin nan."

"Ni ne. Motar ce ta tsufa, direba, ba ta son hawa. Sai haƙuri."

Ɗaya daga cikin matan, wadda ta yage gyalenta a bara, ta tuntsire da dariya har ta dafa guiwa. Ya zage ni, ya zagi makarantar da ta ɗauke ni aiki, ya haɗa da allo da alli. Na saurare shi da natsuwar da nake sauraron ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Da ya gama na shiga mota na tafi. A hanya na tsaya na sayi tsire.

Kulocin ya ƙone ƙurmus. Kayan gyara sai an aiko daga wani gari, mai motar kuma bai ga dalilin turo wata tifar a kwashe tsakuwar ba. Direba ba ya barin motarsa a daji, in ba haka ba ya dawo ya tarar babu batir babu fitila. Don haka ya kakkarya rassan itace ya jera a kan kwalta don masu tahowa su kauce, ya shimfiɗa kwali a inuwar bodi, ya tare a nan.

Ni kuwa hanyata ce. Da safe in na zo wucewa ta ɗaya hannun, sai in danna masa hon sau biyu, gajeru, na zumunci. Da rana in rage gudu, in sauke gilashi.

"Sannu da aiki, direba! Ya zafi?"

Ranar farko ya jefo mini zagi. Na karɓa da hannu biyu. Rana ta biyu ya juya mini baya, yana cin dafaffen dankalin da matan suka ba shi, domin su ba su iya ganin mutum da yunwa ko da sun yi masa dariya. Na ajiye masa goro a ganye a kan dutsen waigi, na ce dattawansa sun bar shi a gidanmu, mun ga ya fi mu bukata. Ban san daɗin da ke cikin ladabi ba sai a makon nan. Ban ɗaga murya ba, ban faɗi kalma ɗaya da ba zan iya maimaitawa a gaban aji ba, kuma kowace gaisuwa tana shiga inda nake so ta shiga.

Rana ta uku da na rage gudu, sai na ga ya miƙe. Rigarsa ta yi baƙi da mai, idonsa ya yi ja, leɓensa ya tsattsage. Ya tako har bakin motata. Tagata ƙasa take, don haka sai da ya sunkuya.

Ya ce, "Malam."

Na ce, "Na'am."

Ya daɗe yana kallon kujerar da babu kowa a gefena. Sannan ya ce, "Ya mai jiki?"

"Hannu bai koma ba. Ba ta iya yanka."

"Ɗinki take yi?"

"Da."

Ya shafa fuskarsa da tafin hannu. Ya ce, "Ranar nan in na taka birki a ruwan nan, da ni da ku duka za mu tafi. Amma da na hau tudu ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba." Sannan ya ce, "Ka gaishe ta. Ka ce direban ne ya ce a gaishe ta da jiki. Allah ya ba ta lafiya."

Na ce, "Za ta ji."

Ban ce na yafe ba, shi ma bai tambaya ba. Na ɗaga gilashi na tafi, ban tsaya a Daɗin Kowa ba, na zarce Kabong.

Na tarar da Yaya a kan keke tana bin layi, wata maƙwabciyarta, tela ita ma, ta yanka mata yadin tun da safe kamar yadda suka saba yanzu. Na zauna, na ba ta labari tun daga gangara har sunkuyon, ban rage komai ba, har da taku biyun da tifar ta yi da baya. Na isar da gaisuwar kalma bayan kalma.

Ba ta daina taka keken ba. Ta ce, "Ina amsawa."

Na jira ƙari.

Ta ce, "Kwana uku a dajin nan? Yana samun abinci kuwa?"

"Matan dankali suna ba shi."

"To madalla." Ta kai ƙarshen layi, ta ja zaren ta tsinke shi da haƙori. "Auta, da ta gangaro kan matan nan fa, da duwatsu a hannunsu?"

Na ce na duba bayanta kafin in shiga.

Ta ce, "Bayanta ka duba. Miƙo mini wancan hannun rigar."

Na miƙa mata. Na sha tunanin tambayar tata tun daga lokacin, ba ni kuma da amsar da ta fi wadda na bayar, wadda ba amsa ba ce. Amma in aka ce in rantse cewa na yi nadama, ba zan rantse ba. Na ga mutumin nan ya sauko, na ga ya sunkuya, na ɗauki gaisuwarsa da kaina na kai inda ya kamata ta je tun farko. Shekaru na yi ina gaya wa yara cewa mai ƙarfi yana da iyaka, ban taɓa gani da idona ba sai a hawan nan, kuma har yau in na tuna ƙarar injin nan yana mutuwa sai in ji abinci ya ƙara mini daɗi.

A rana ta huɗu aka gyara tifar ta tashi. Kwana huɗu ta yi tsaye da kayanta a kan kwalta mai zafi. Inda tayoyinta suka zauna, nan ne rami mafi zurfi a hanyar yanzu.